Majigi a Waca: aikin da ake yi kafin hoto ya hau bango

Na'urar haska hoto ta zama abokiyar tafiyar malaman gona, da ma'aikatan kiwon lafiya, da wakilan ƙungiyoyin raya karkara masu zagaya ƙasar Magarya da Dungas. Amma tsakanin fito da ita daga jaka da bayyanar hoto a bango akwai aiki mai yawa, kuma a kan wannan aiki ne taro yake tsayawa ko ya watse.

Duk wanda ya saba halartar taron faɗakarwa a ƙasar Waca ya san yadda abin yakan kasance. Tun kwana uku an aika wa masu gari. Manoma sun baro garaken rake da rogo na bakin korama, wasu a amalanke, wasu a babur, wasu a ƙafa. Mata sun gama daka da wuri, sun goyo ƴaƴansu sun taho. An buɗe aji guda na lakwal, an jera benci, an yi addu'ar buɗe taro. Baƙon da ya zo daga Magarya ko Damagaram ya ɗora kwamfutarsa bisa teburin malami, ya fito da majigi, ya shiga kokawa da wayoyi. Daga nan sai jira. Bango ya yi shuɗi, da ɗan rubutun Nasara a tsakiya mai nuna cewa babu abin da ke shigowa. A cire waya a mayar, a kashe a kunna, a aika yaro gari neman wani ƙarfe da aka manto. Kafin hoton farko ya fito rana ta take tsaka, dattawa sun fara duban inuwa saboda azahar, sauran jama'a kuwa hankalinsu ya koma gida.

A birni irin wannan jinkiri abin dariya ne da ake mantawa kafin la'asar. A karkara yana da tsada. Rabin yini na manomi a lokacin noman farko ba a ramawa, kuma wanda aka kira sau ɗaya ya tashi bai ga kome ba, da wuya ya amsa kira na biyu. Abin da aka zo nunawa ma sau da yawa ba na wasa ba ne. A ɗauki misalin murzuna, tsutsar nan da ke sassaƙe zangarniyar hatsi kafin girbi. Tun tsakiyar shekarun 2000 masu binciken cibiyar INRAN ta Maraɗi suke kiwon wani ɗan ƙwaro mai kama da zanzaro, wanda tsawonsa bai wuce milimita 3 ba, suna sakinsa a ƙauyuka don ya kashe tsutsar. Yaya za a bayyana wa mutum ɗari, da fatar baki kaɗai, cewa abin da ido yake gani da ƙyar shi ne zai tsare musu rumbu? A nan ne majigi yake da rana, domin masu iya magana sun ce gani ya kori ji. In kuwa majigin ya ƙi, an koma ga ji, kuma an koma da kunya.

Sunan tsoho ne, na'urar ce sabuwa

Ma'aikata da yawa suna kiran na'urar da sunanta na Faransanci, amma Hausa ta riga ta raɗa mata suna tun da daɗewa. Kalmar majigi ta samo asali daga sunan da Ingilishi suke kiran wata tsohuwar fitilar haska hotunan gilashi, wadda aka ƙera a Turai a ƙarni na 17. A Arewacin Nijeriya sunan ya bi motocin silima na gwamnatin mulkin mallaka, waɗanda suka riƙa shiga gari-gari, musamman bayan kafa sashen fina-finan mulkin mallaka a Ingila a 1939, suna kafa farin ƙyalle a ƙofar fada suna nuna tsabta, da noma, da labarun gwamnati. Ƙasar Waca, wadda take ɗaya daga tsofaffin masarautun Sosebaki tare da Mirya da Dungas kafin Damagaram ta haɗiye su a ƙarni na 19, ba ta taɓa yanke hulɗa da Daura da Kano ba. Kalma kuwa ba ta tsayawa a kan iyaka a buga mata hatimi.

Nijar ma tana da nata tarihin koyarwa da hoto da murya. An kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo a 1962. A farkon shekarun 1960 ɗin ne kuma aikin rayar da karkara ya kankama, yankin Matamai da Magarya yana cikin wuraren da aka fara shi. A 1964 aka soma gwajin talabijin na makaranta a Yamai, kuma tun ƙarshen shekarun 1960 aka fara kunna wasu akwatunan da farantin hasken rana, a zamanin da ƙasashe da yawa ba su ma san ana yin haka ba. Marigayi Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, a kan wannan fanni na ƙarfin rana ya ƙare rayuwarsa. Bayan buɗe Tele-Sahel a 1979 an rarraba akwatunan kallo na jama'a a garuruwa. A farkon shekarun 2000 kuma ƙungiyar silima mai yawo ta CNA ta fara zagaya ƙauyukan ƙasar nan da mota, da injin wuta, da majigin bidiyo.

A ofisoshi kuwa na'urori sun yi ta maye gurbin juna. An yi zamanin majigin ƙananan hotuna masu firam, wanda kamfanin Kodak ya daina ƙera shahararren samfurinsa a 2004. An yi zamanin mai haska rubutun da aka yi bisa farar leda. Manhajar PowerPoint, wadda ta fito a 1987, ita ta haɗa kwamfuta da majigi har suka zama kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai. Duk da wannan canji, tambayoyin da mai motar silima yake yi wa kansa shekaru 70 da suka wuce suna nan: ina wuta, ina duhu, su wa za su kalla?

Wuta ce farkon magana

A Nijar kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne yake da wutar lantarki, kuma mafi yawansu a birane suke. Wutar da Nigelec take ba Maraɗi da Damagaram ma daga Nijeriya take shigowa, ta layin Katsina zuwa Gazawa. Jama'a ba su manta ba yadda aka yanke ta daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Saboda haka mai zuwa taro a ƙauyukan ƙaramar hukumar Waca, hikima ita ce ya ɗauka cewa babu wuta, ya taho da tasa.

Lissafin ba shi da wuya. Majigi mai ƙwan fitila, irin wanda ya fi yawa a ofisoshi, yana cin wajen wat 300. Kwamfutar hannu tana cin wajen 60, ƙaramar lasifika wajen 40: jimla wat 400 ke nan. Ƙaramin injin wuta, wanda ake kira gurup, yana iya ɗaukar wannan, in dai ba a rataya masa cajin wayoyin rabin gari ba. Amma inji yana da sharuɗɗa. Sai an tashe shi shi kaɗai, an bar shi ya yi ƴan mintoci muryarsa ta daidaita, sannan a sa masa kaya, domin wutar farko takan zo da hauhawa, kuma ita ce mai ƙone na'ura. Tsakanin inji da majigi a sa na'urar daidaita wuta. A cika tanki tun kafin a fara, saboda injin da mai ya kusa ƙare masa yana tari, wutarsa tana hawa tana sauka. A ajiye shi nesa, kamar taku 20, ta inda iska za ta tafi da hayaƙi da ƙara, wanda ke nufin doguwar waya mai kauri tana cikin kayan tafiya. Abu ɗaya kuma ba a sassauci a kansa: ba a shigar da inji cikin ɗaki ko zaure don gudun ɓarawo ko yayyafi. Hayaƙinsa yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari, tana kuma kashe mutane cikin barci ko cikin zama.

Wanda ya dogara da batir da farantin rana, shi ma ya yi lissafi. Batir mai volt 12 da amfiya 100 yana riƙe da abin da zai ba da wat 1.200 na awa guda, amma in ana son ya daɗe ba a shan fiye da rabinsa. Wat 600 ke nan a hannu: da kayan wat 400 ba za a wuce awa ɗaya da rabi ba, har ma ƙasa da haka, tun da na'urar da ke juya wutar batir zuwa volt 220 tana cin nata rabo. Ƙananan majigai masu fitilar LED suna cin wuta kaɗan ƙwarai. Da irinsu kayan duka ba sa wuce wat 150, batir ɗin nan kuwa zai kai awa uku da wani abu. Haskensu dai bai kai na manyan ba, don haka aikinsu na dare ne ko na ɗaki mai duhu.

Akwai kuma wata ƴar matsala da ta keɓanta da garuruwan bakin iyaka. Kayan da aka sayo a Sabon Garin Kano ko a kasuwar Maigatari sukan zo da bakin waya mai ƙafa uku masu faɗi, irin na Ingila. Ramukan wutar Nijar kuwa, da wayoyin da ake sayarwa a kasuwar Dole ta Damagaram, irin na Faransa ne, masu karɓar ƙafa biyu zagayayyu. Ɗan ƙarfen da ke sada su bai kai kuɗin kwanon abinci ba, amma rashinsa ya sha tsayar da taro. Masu gaggawa sukan fere waya su cusa ta tsirara su danne da tsinken ashana. Wannan dabara ta ƙone na'urori, a aji na kara kuwa tana iya ƙone abin da ya fi na'ura.

Majigi ba ya ja da rana

Ana auna hasken majigi da lumen, kuma na ofis yakan kai 3.000. In aka baza wannan haske bisa ƙyalle mai faɗin mita 2 da tsayin mita ɗaya da rabi, kowace murabba'in mita tana samun lumen 1.000. Ranar tsaka a filin Allah tana zuba wa murabba'in mita guda abin da ya ninka haka har sau 100. Ko inuwar gawo ko ta maina ta fi ƙarfin majigi nesa ba kusa ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa taron ƙarƙashin itace da hantsi ba ya yiwuwa da majigi, kome tsadarsa. Zaɓi biyu ne: ɗaki mai rufe tagogi, ko dare.

In aji ne, a fara duba inda rana take shigowa. Ƙyallen ya kasance a bangon da haske ba ya faɗa masa, a rufe tagogin da ke kusa da shi da tabarma ko bargo, a bar na baya a buɗe don mutane su sha iska. Baƙin allo na malami ba ya karɓar hoto. A rataya farin yadi a kansa, a ɗaure kusurwoyinsa huɗu ya miƙe, domin yadi mai lilo yana sa rubutu rawa. Ajin zana da kara, irin wanda har yanzu yake da yawa a karkara, yana yoyon haske ta ko'ina, gara a haƙura da shi a jira dare. In dare ne, lokacin shi ne bayan sallar isha'i, wurin kuwa sai an shawarci mai gari da liman, a kuma ware wa mata gefensu inda za su ga ƙyalle sosai. In ba a yi haka ba, za su tsaya can baya a bayan samari, su da aka fi bukatar su ga bayanin abincin yara ko na gidan sauro.

Nisan majigi da bango shi ke yanke girman hoto. Yawancin na'urori suna son a ja su baya kamar ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na faɗin hoton: hoton mita 2 yana bukatar mita 3 zuwa 4. Mai son burge jama'a yakan ƙara ja baya don hoto ya cika bango, bai san cewa in nisa ya ninka biyu haske yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu ba. Akwai kuma ƙa'idar masu sana'ar: in akwai rubutu a hoton, kada na ƙarshen zama ya yi nisan da ya wuce tsayin hoton sau shida. Hoto mai tsayin mita ɗaya da rabi yana isar mutane har mita 9, wato kusan tsawon aji guda. Gindin hoton kuma ya ɗara kawunan na gaba, in ba haka ba na baya rawuna da kallabi kaɗai za su kalla.

Yadda ake haɗawa, daki-daki

Wanda ya san aikin yana da tsarin da ba ya sauyawa. Yakan iso awa guda kafin jama'a. Ya kafa tebur mai ƙarfi a tsakiyar ƙyalle daidai, idon majigi yana kallon bango kai tsaye. Ya shimfiɗa wayar wuta ta gefen bango, ya danne ta da tabarma ko duwatsu, saboda ƙafar yaro guda tana iya jawo na'urar ƙasa. Sannan ya haɗa wayar hoto tun kome yana kashe.

Wayar hoto iri biyu ce ta fi yawa. Tsohuwar, mai shuɗin kai da ƴan allurai 15, ita ce VGA. Hoto kaɗai take ɗauka, kuma in allura guda ta lanƙwashe sai hoton ya rine ya koma ja ko kore. Sabuwar ita ce HDMI, mai ɗaukar hoto da murya tare. Rikicin da aka fi yi shi ne tsohon majigin ofis mai VGA kaɗai ya gamu da sabuwar kwamfutar baƙo wadda ba ta da ramin VGA. Maganinsa ɗan abin sadarwa ne da ya kamata ya zauna cikin jakar majigi dindindin. Masu son haskawa daga wayar salula su sani ba kowace waya ce take fitar da hoto ta raminta ba, sai an gwada tun a gida.

Bayan haka a kunna majigi, a buɗe murfin idonsa, a kunna kwamfuta. In bango ya tsaya shuɗi, abu biyu ake dubawa kafin a zargi kowa. Na farko, maɓallin zaɓen mashiga da ke jikin majigi: na'urar tana da ƙofofi da yawa, sai an gaya mata wadda za ta saurara. Na biyu, kwamfutar kanta: a masu aiki da Windows ana danna maɓallin Windows tare da harafin P, a zaɓi a kwafi allon zuwa waje. Waɗannan biyun su ne maganin mafi yawan jiran da ake sa jama'a.

Hoto ya fito, saura gyara. Zoben da ke wuyan idon majigi shi ke kawar da dishi-dishi. A juya shi har ƙananan haruffa su fito tar. In an ɗaga gaban na'urar sama, hoton yakan yi faɗi a sama ya tsuke a ƙasa. Akwai maɓallin gyara wannan, amma yana rage kyan hoto, don haka ɗaga teburin ya fi. Lasifikar cikin majigi ba ta isar ko rabin aji, balle fili. Sai an haɗa ta waje, an ajiye ta kusa da ƙyalle tana fuskantar jama'a. Daga ƙarshe mai haɗawa ya taka har bencin baya ya zauna, ya duba, ya saurara. Abin da bai gani daga can ba, babu shi.

Ƙura da zafi

An ƙera yawancin waɗannan na'urori don ɗakunan da zafinsu bai wuce digiri 35 zuwa 40 ba. A watannin Afrilu da Mayu zafin jahar Damagaram yana haura 40 a inuwa, ƙarƙashin kwanon aji kuwa ya fi haka. Majigi yana da fanka a ciki mai jawo iska ta sanyaya fitila; in ya ji zafi ya yi yawa sai ya kashe kansa a tsakiyar bayani. Don haka ba a jingina shi da bango, ba a ɗora masa takardu, ba a shimfiɗa masa bargo a ƙarƙashi. A lokacin hunturu kuma buji ne abokin gaba: fankar tana zuƙo ƙura, ƴar matatar da ke bakin iska tana toshewa. Cire ta a kakkaɓe bayan kowace fita aikin minti biyu ne. Gilashin ido kuwa ba a goge shi da bakin riga, saboda ƙurar tana da yashi mai karce. A hure shi tukuna, sannan a shafa da tattausan ƙyalle.

Kashewa ma tana da ladabi. Ƙwan fitilar yana yin zafi ƙwarai, kuma bayan an danna maɓallin kashewa fanka takan ci gaba da juyawa na ɗan lokaci. Wanda ya fizge waya, ko ya kashe inji don tsimin mai kafin fankar ta tsaya, yana rage wa ƙwan kwana. Ƙwan yana yin awa dubu uku zuwa biyar in an kula da shi, ba a kuwa samun sabonsa a kasuwar ƙauye. Haka nan ba a cusa na'ura mai zafi cikin jaka a ɗaure bayan babur a hau hanyar yashi. A bar ta ta huce, a naɗe ta da abu mai laushi, a sa cikin leda saboda ƙura.

Me ake haskawa, kuma da wane harshe?

Ana iya yin duk abin da aka zana a sama daidai, taron kuma ya tashi a banza. Yakan faru a ga hoto tar a bango, amma abin da ke ciki dogayen jimloli ne na Faransanci da jadawali mai layi goma sha, waɗanda aka shirya don wani taro a Yamai aka kwaso su yadda suke. Mai bayani ya juya wa jama'a ƙeya yana karanta bango, tafinta yana binsa a guje. Alhali a ƙasar nan manyan da suka iya karatun boko ba su kai 4 cikin 10 ba, a karkara da wajen mata kuwa abin ya fi haka ƙasa. Da yawa daga waɗanda ake ƙirgawa cikin marasa karatu suna karanta ajami sarai, amma da wuya a ga an tuna da su. Tun ranar 26 ga Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci cikin harsunan aiki. A Waca, inda Hausa ce harshen kasuwa da na fada, ba a ma bukatar doka kafin a gane da wane harshe ya kamata bango ya yi magana.

Wanda zai rubuta Hausa a kwamfuta ya kula da haruffa masu ƙugiya. Ƙ da ɗ da ɓ da ƴ sukan rikiɗe su zama ƴan akwatuna in an buɗe aikin a wata kwamfutar da ba ta da irin rubutun da aka yi amfani da shi. Mayar da aikin zuwa PDF kafin a taso yana tsare wannan, a kuma riƙe kwafi na biyu a ɗan makullin ajiya.

Abin da ya fi rubutu shi ne hoto guda mai magana guda, wanda aka ɗauka a wurin da mutane suka sani. Mai bayanin sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa su girma cikin gona, ba ya bukatar hoton wata ƙasa: gonakin Magarya, Matamai da Mirya, da gawon da manoma suka raya da hannunsu tun shekarun 1980, su ne misalin da masana na duniya suke zuwa gani. Mai bayanin buhun PICS mai riɓi uku, wanda ake adana wake a ciki ba tare da magani ba, ya nuna bidiyon ɗaure shi, sannan ya fito da buhun na gaske a taɓa. In kuma an ƙara girman ƙwaro har ya cika bango, a sa tsinken ashana ko kuɗin dala ashirin kusa da shi cikin hoton. Tsofaffin ma'aikatan majigi suna da labarin da suke yawan bayarwa na ƴan kallon da suka ga sauro ya kai girman akuya a ƙyalle, suka gode wa Allah da nasu sauron bai kai haka ba. Laifin na mai nunawa ne, wanda bai ba ido abin gwadawa ba.

Wa ke riƙe da jaka?

Sauran magana ta mutane ce. Majigai da yawa sun shigo karkara ta hannun ayyukan raya ƙasa masu wa'adi. Wa'adi ya cika, na'ura ta shiga kabad, makulli yana aljihun wanda aka yi wa canjin wurin aiki, wayar HDMI ta bi wani gida tana aikin kallon ƙwallo. Ba a rubuta wanda zai sayi mai ba, ba a ware kuɗin ƙwan fitila ba. Ranar da aka bukace ta sai a tarar da rabin kaya.

Gyaran wannan bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ko ƙungiyar manoma ba. Takarda guda a manne cikin murfin jaka mai lissafin abin da ke ciki, a ƙirga wajen fita a ƙirga wajen dawowa. Mutum biyu na gari, ko da cikin samarin da ke cajin waya da gyaran rediyo a kasuwa ne, a koya musu haɗawa da kashewa, a kuma san da ladansu, tun da su ne suke nan bayan baƙo ya koma birni. A gwada kome a daren jajibiri, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Mai bayani kuma ya riƙe manyan hotuna na takarda da abin da zai faɗa a kansa, saboda ranar da inji zai ƙi tashi tana nan tafe, jama'ar da suka taru kuwa suna da haƙƙin su koma gida da abin da suka zo nema.

Inda aka kiyaye waɗannan, abin yakan zo da sauƙi har a manta da na'urar. An idar da isha'i, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar mai gari, inji yana gunji can bayan danga. Yara sun yi shiru, farin yadi ya ɗauki haske, zangarniyar hatsi ta bayyana da tsutsarta a kai. Sai wani dattijo daga tsakiyar taro ya miƙa sanda ya ce a tsayar da hoton nan, yana da tambaya.